Funfunar da ke zaune a cikin tsirran magani: tambayoyi da amsoshi

Wace irin funfuna ce ke rayuwa a cikin tsiro ba tare da ta cutar da shi ba?

Masana suna kiranta endofayit. Siraran zarurrukanta suna ratsa tsakanin ƙwayoyin halittar ganye da ɓawo da saiwa, alhali ganyen yana nan kore shar babu tabo. Tsiron yana ba ta abinci da mafaka, ita kuwa sau da yawa takan fitar da sinadaran da ke kare shi daga ƙwari da cututtuka.

Ta yaya ake gano ta?

Ana wanke ganyen da sifirit da ruwan bilic domin a kashe duk abin da ke bayansa, a yanyanka shi, a ɗora a faranti mai ɗauke da abincin da aka haɗa da dankali da sukari. Bayan 'yan kwanaki sai a ga zare kamar auduga yana fitowa daga bakin yankan.

Me ya jawo hankalin masu binciken magunguna?

Maganin sankara mai suna Taxol ne ya buɗe ƙofar. A da daga ɓawon itacen Taxus brevifolia na arewa maso yammacin Amurka ake samun sa, itace mai jinkirin girma wanda saɓe ɓawonsa ke kashe shi. A 1993, Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle na jihar Montana a Amurka suka ba da rahoton cewa wata funfuna da suka ciro daga cikin itacen tana haɗa wannan sinadari da kanta. Fatan da aka yi shi ne a riƙa renon funfunar a tankuna, a bar itatuwa su huta.

Shin fatan ya cika?

Bai cika ba tukuna, kuma ya kamata a faɗi hakan ƙarara. Abin da funfunar ke fitarwa bai taka kara ya karya ba, sannan yakan ragu idan aka daɗe ana renon ta nesa da tsiron. A 2013 wasu masu bincike a Jamus sun nemi ƙwayoyin gadon haɗa Taxol a jikinta, ba su same su ba. A ganina wannan bai rage darajar fagen ba, domin sababbin sinadaran da funfunar ke haɗawa da kanta sun fi cancantar a bi sawunsu, musamman yanzu da ƙwayoyin cuta ke bijire wa magungunan da ake da su.

Akwai haɗari?

Akwai. Funfunar Epichloë da ke cikin wata ciyawar kiwo a Amurka tana fitar da gubar da ke matse jijiyoyin jinin shanu, har kofato ko jela su ruɓe.