Shiga makarantar nas: ga amsoshin, don Allah a daina kirana da tsakar dare

Duk shekara da zarar Ma'aikatar Lafiya ta Ghana ta buɗe fom ɗin makarantun jinya, wayata ba ta ƙara hutawa. Daga Aboabo, daga Sawaba, daga Sabon Zango, daga Tafo, duk nan Kumasi, tambayoyin iri ɗaya ne, masu tambayar ne kawai ke canzawa. Na gaji da maimaita su a gidan suna da gidan biki. Wadda ta sake tambayata abin da ke nan, wannan rubutun zan tura mata, ba gaba ba ce.

Anti, a ina ake sayen fom?

A bankin da sanarwar Ma'aikata ta ambata. GCB da ADB aka saba. Za a ba ki lambobin sirri, da su za ki shiga shafin ɗaukar ɗalibai ki cike. Ba a sayar da fom a kasuwar Kejetia, ba a sayar da shi a WhatsApp.

Nawa ne?

Yana cikin sanarwar. Ki karanta.

Wane sakamako ake nema?

Idan difloma kike so, wadda ake yi shekara 3, ana neman C6 ko abin da ya fi shi a jarrabawar WAEC a Turanci, da Lissafin dole, da Kimiyya, sai kuma darussan zaɓi uku. A1 maki 1 ne, B2 maki 2, haka har C6 mai maki 6. Ki haɗa darussan shida, kada jimillar ta wuce 36. Darasin zamantakewa ba ya cikin ukun dole a nan, ko da A1 kika ci, don haka a daina kawo mini shi a matsayin hujja. Kuma 36 ƙofar gida ce kawai. Makarantar da ke harabar asibitin Komfo Anokye a Kumasi da ta asibitin Korle Bu a Accra suna samun masu nema da jimilla ƙasa da haka sosai, su za su fara zama a kujerun.

Zan iya ba mai kafe ya cike mini?

A nan ne yaranmu na Zango suka fi faɗuwa, tun ba a zo ga jarrabawa ba. Ki je kafe idan ba ki da kwamfuta, amma ki zauna kusa da shi, idonki a kan allon. Mai kafe yana cike wa mutum da yawa a yini, ba ruwansa da makomarki. Wani lambar wayarsa yake sawa don ya yi sauri, saƙon gayyata ya zo masa, ke kina gida kina jiran tsammani har a gama intabiyu. Lambarki za a sa, layin da aka yi wa rajista da katin Ghana ɗinki, wanda ba ya mutuwa.

Sannan suna. A takardar WAEC ke Hawa ce, a katin Ghana Hawawu, a takardar haihuwa Hauwa'u, sunan mahaifi kuma yau Abubakar gobe Bukari. Mu mun san mutum ɗaya ce. Wanda ke duba takardu a ofis bai sani ba, kuma ba aikinsa ba ne ya yi hasashe. Ki shimfiɗa takardunki yau ki duba su harafi bayan harafi, har ranar haihuwa. Idan sun saɓa, a je a yi takardar rantsuwa tun yanzu, kada a bari sai ana gobe intabiyu Baba ya fara zagayen ofisoshin Adum da fayil a hammata.

Malam ya ba ni rubutu na sha, ya isa?

Ki sha, ki yi addu'a, iyayenki su sa miki albarka. Sannan ki buɗe littafi.

To me ke fitowa a jarrabawar shiga makarantar?

Kowace makaranta da tsarinta. Wasu suna ba da gajeren gwaji a rubuce kafin a shiga gaban kwamiti, wasu da baki suke yin duka tambayoyin. Ko ta yaya aka zo, abu huɗu ne: Turanci, lissafi, kimiyya, da sanin abin da ke gudana a ƙasa.

Lissafin ba na injiniyoyi ba ne. Kashi cikin ɗari ne, da rabawa, da juya lita zuwa mililita. Likita ya rubuta miligiram 500, ƙwaya ɗaya 250 ce, guda nawa za ki ba majinyaci? Ruwa mililita 1000 zai shiga cikin awa 8, nawa ne a awa ɗaya? 125 ne. Idan sai da kika ɗauko waya kafin ki samu amsar, kin san abin da za ki yi a makonnin da suka rage. Ki koyi yinsa da biro da takarda, ki kuma sa wa kanki lokaci.

A kimiyya, jikin mutum ne da cututtukan da muke fama da su. Zuciya ɗakuna 4 gare ta, ƙashin baligi 206, zafin jiki wajen digiri 37, bugun jijiyar babba tsakanin 60 zuwa 100 a minti. Rukunin jini. Macen sauron anofilis da zazzaɓin cizon sauro. Yadda kwalara ke yaɗuwa da amfanin ruwan gishiri da sukari. Cututtuka shida da aka fara yi wa yara rigakafinsu: tarin fuka, shan inna, mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora da ƙyanda. Ki san su da Turanci, ki iya rubuta su daidai. Duk wannan yana cikin littafin kimiyyarki na sakandare, wanda kika ba ƙaninki ya yayyaga.

Na huɗun shi ke ba ni kunya. Yarinya ta san duk wanda ya yi aure a TikTok, amma ba ta san sunan Ministan Lafiya ba. An haife ta a Aboabo, ba ta san a ƙarƙashin Asokore Mampong take ba. Ghana jihohi 16 gare ta yanzu, ba 10 ba. Dokar inshorar lafiya ta farko ta 2003 ce. An buɗe Korle Bu a 1923 zamanin Gwamna Guggisberg. Docia Kisseih ce 'yar Ghana ta farko da ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa. Ranar 12 ga Mayu ce ranar nas ta duniya, ranar haihuwar Florence Nightingale. Ki san bambancin Ma'aikatar Lafiya, da Hukumar Lafiya ta Ghana mai kula da asibitocin gwamnati, da Majalisar Nas da Ungozoma wadda ita ke ba da lasisi. Ki saurari labarai da Turanci kullum da yamma, ya wadatar.

Namiji yana iya nema?

Sosai, ɗana. Jinya ta gaba ɗaya, ta masu taɓin hankali, ta lafiyar al'umma, duk naka ne. Ungozoma ce ta mata. Abokan majalisa za su yi maka dariya, su ne kuma za su fara kiranka ranar da tsohuwarsu ta kwanta.

Anti, ina da D7 a Lissafi amma sauran duk sun yi kyau. In nema haka, in shiga kwas ɗin satifiket, ko in sake jarrabawa?

Wannan ita ce tambayar da ba na so a yi mini a tsaye bakin hanya, don amsarta ta danganta da ke, da gidanku, da shekarunki.

Abu ɗaya dai babu ja a kansa: D7 a Turanci, Lissafi ko Kimiyya ba ta shiga difloma. Ko A1 biyar kika jera a gefenta, ba ta goge ta. Sayen fom ɗin difloma da wannan sakamakon zubar da kuɗin Mma ne.

Saura hanya biyu. Ta farko ki sake rubuta darasin a NOVDEC, jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, ki haɗa sakamakon biyu ki nema baɗi. Idan ba ki wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, kuma darasi ɗaya ne tal, ni wannan nake ba da shawara. Shekara ɗaya kika rasa, amma kin shiga ta babbar ƙofa. Sai dai da sharaɗi. Na ga masu biyan kuɗin NOVDEC su koma shago ko wajen ɗinki, su tuna da littafi ana saura mako biyu, su fito da E8. Idan ba za ki samu malamin lissafi ba, ko ajin gyara da za ki riƙa zuwa da gaske, ki sani sake zama kawai ba ya canza maki. Ki tambayi kanki me ya kayar da ke a karon farko: rashin malami ne, ko tsoron lissafi, ko aikin gida da talla ne suka cinye lokacin? Idan dalilin yana nan bai tafi ba, sakamakon ma yana nan.

Hanya ta biyu kwas ɗin mataimakan nas ne na shekara 2, na asibiti ko na rigakafi, wanda sharuɗɗansa suka fi sauƙi. Ba na raina shi. Waɗanda ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙauye da awon jarirai da yawansu ta nan suka biyo, wasu kuma sun ƙara karatu daga baya sun wuce waɗanda suka fara da difloma. Amma ki shiga da ido buɗe. Matsayi da albashi suna ƙasa, ƙarin karatun sai kin yi aiki na wasu shekaru, sai an ba ki hutun karatu, kuma a wurare da dama wannan D7 ɗin za ta sake tare ki a gaba, lokacin kina da miji da goyo. Ga shi kuma an daɗe ana maganar ɗaga makarantun jinya zuwa digiri da rage kwasa-kwasan satifiket, don haka ki duba sanarwar bana ki ga ko kwas ɗin yana ciki da kuma makarantun da ke yinsa, kada ki dogara da abin da yayarki ta yi shekaru biyar da suka wuce.

Yaushe zan ce ki ɗauki satifiket ɗin? Idan kina dab da 35, iyakar shekarun da aka saba sawa. Idan kin riga kin gwada NOVDEC fiye da sau ɗaya abin bai motsa ba. Ko kuma idan kin san halin gidanku: shekarar da za ki zauna jiran sakamako ita ce shekarar da kawu zai zo da maganar aure, a rufe zancen karatu gaba ɗaya. Wannan dalilin ba a rubuta shi a wata takarda ba, amma mu da muke Zango mun san nauyinsa. A irin wannan hali, shiga makaranta bana ko da ta ƙaramar ƙofa ya fi. Wasu suna haɗa biyun, su shiga satifiket su kuma gyara Lissafin suna ciki. Yana yiwuwa, yana da wuya, ba kowa ke iyawa ba.

Akwai masu ce miki makarantar kuɗi za ta karɓe ki da D7 a difloma. Kafin ki biya ko sidi ɗaya, ki tabbatar Majalisar Nas da Ungozoma ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin, domin ita za ta duba sakamakonki ta yi miki rajista, ita za ta ba ki damar zama jarrabawar lasisi. Shekara uku ba lasisi, takarda ce kawai ta rataye a bango.

Wani ya ce yana da hanya, in turo kuɗi ta MoMo, wato ta waya, a sa sunana.

Ɓarawo ne. Hajiya, da ke nake, don ku iyaye ne kuke tura kuɗin, har da na adashe. Ma'aikata tana gargaɗi a kan wannan duk shekara. Ranar da sunan bai fito ba, layinsa a kashe yake.

Idan aka ce me ya sa nake son zama nas, me zan ce?

Kada ki ce tun kina ƙarama kike son taimakon mutane. Kwamitin ya ji wannan daga bakin duk wadda ta shiga kafin ke. Ki faɗi abin da kika gani da idonki: kakarki da kika yi jinya, ciwon sukarin mahaifinki, matan unguwa da ba sa zuwa awo sai ciki ya tsufa. Ki gaya musu kina jin Hausa da Tonanci, wato Twi, wataƙila da Dagbanci ko Mosanci. A Gee, wato asibitin Komfo Anokye, inda ake kawo marasa lafiya daga arewa kullum, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma yaranmu ɓoye shi suke yi kamar abin kunya.

Matsalarmu ta gaskiya murya ce. An koya mana sunkuyar da kai gaban manya, tarbiyya ce mai kyau, amma a ɗakin intabiyu sai a ɗauka ba ki san amsa ba. Ki sa wata ta zauna ta yi miki tambayoyi da Turanci, ki amsa da ƙarfi, kina kallonta, kullum har ranar. Idan ba ki san abu ba, ki ce ba ki sani ba cikin ladabi. Nas mai ƙirƙirar amsa ita ce abin tsoro. Kada ki firgita, 'yata, waɗanda ke zaune a teburin nan su ma sun taɓa tsayawa inda kike, kuma ba neman kayar da ke suke yi ba.

In cire hijabi?

A'a. Ki sa ƙarami mai tsabta, marar ado, wanda ba ya lilo. Farce a yanke, ba janbaki, ba takalmi mai tsini. Idan makarantar mishan kika zaɓa, irin ta Agogo, ko Kwadaso, ko Offinso, suna da nasu tsarin ibada da sutura, ki tambayi Musulman da suka yi karatu a can kafin ki zaɓa, ba bayan an ɗauke ki ba.

Dole sai Kumasi? Baba ba ya son in yi nisa.

Kowa Kumasi yake so, shi ya sa ta yi tsauri. Mampong, Tepa, Kokofu, Fomena duk cikin Ashanti suke, mota ɗaya ce. Lasisin iri ɗaya ne. A gaya wa Baba, ko a turo shi wurina.

Ana biyan alawus?

An dawo da shi a 2017, amma yakan makara. Kada a gina kuɗin makaranta a kansa. Kuɗin shiga na zangon farko yana da nauyi kuma wa'adin biya gajere ne, a fara tarawa tun ranar sayen fom.

Ina so in tafi Ingila idan na gama.

Ki shiga tukuna.

Me zan riƙe ranar intabiyu?

Takardar gayyata, fom ɗin da kika buga, sakamakon WAEC, takardar haihuwa, katin Ghana, hotuna, duk na asali da kwafi, da duk abin da saƙon ya lissafa. Biro biyu. Ki ci abinci kafin ki fita don layin yakan kai yamma, idan kuma garin da nisa ki kwana a can.