Tarin saniya da tarin mutum 'yan gida ɗaya ne

Aikina na malamin dabbobi yakan kai ni rugagen da ke kewayen Wawa Zange, ta ɓangaren Dukku. A wata ruga na tarar da saniya ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, tana wani busasshen tari, ga kuma yarinya tsugune a gindinta tana tatsa. Da ƙwarya ta yi rabi sai ta kafa kai ta kurɓa da ɗuminta. Na ce wa mai garken, "Baffa, wannan saniyar ta daɗe tana tari?" Ya ce tun kaka, ƙurar hanya ce kawai. Ban yi masa musu ba a lokacin, sai dai idona yana kan ƙaluluwar da ta kumbura a wuyan yarinyar.

Ƙwayar cutar da ke sa wa shanu tarin fuka sunanta Mycobacterium bovis, ta mutane kuwa Mycobacterium tuberculosis. A 1998 masana suka gama karanta kundin gadon halitta, wato DNA, na ta mutane, na ta shanu kuma a 2003. Da aka jera su sai aka ga sun yi daidai da fiye da kashi 99.9 cikin ɗari. Da can ana zaton mutum ne ya kwaso tarin fuka daga shanu sa'ad da ya fara kiwo. Karatun ya rushe wannan zato, domin ta shanu ce aka tarar ta zubar da wasu gutsattsarin gado da ta mutane ke riƙe da su har yau, kuma wanda ya yi asara ba shi ne tushe ba. Kusancin nasu ya kai har allurar BCG da ake yi wa jarirai a dantse, mai barin tabo, daga ƙwayar shanu aka samo ta bayan an raunana ta a Faransa, aka fara yi wa mutum a 1921.

To, ɗan bambancin da ya rage ɗin nan shi ne abin da ke hana ni barci. Cikin magunguna huɗu da ake ba mai tarin fuka a watanni biyun farko akwai pyrazinamide. Ƙwayar shanu tana ɗauke da wani canji a ƙwayar gado guda da ake kira pncA, wanda ya sa wannan maganin ba ya taɓa ta, haka aka halicce ta. Shi ya sa likitoci kan tsawaita magani daga wata shida zuwa tara idan sun san ita ce. Matsalar ita ce sanin. Na'urar GeneXpert da ake gwada kaki da ita za ta ce akwai tarin fuka, amma ba ta faɗin na wa ne. Ga shi kuma wadda ta shiga ta madara ba lalle ta sauka a huhu ba. Takan zauna a wuya ko a ciki, mutum yana ramewa da zufar dare ba tare da tari ba, a yi ta ɗora wa sammu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 147,000 ne suka kamu da tarin fukan da ƙwayar shanu ke sawa a 2016.

Saboda haka in kin kai yaro asibiti, Inna, kada ki jira a tambaye ki. Ki ce muna kiwo, muna shan madara ɗanya, akwai mai tari a garke. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Tafasa madara yana kashe ƙwayar, har da ta bakkale mai sa shanu ɓari. Tsami kaɗai ba abin dogaro ba ne, don haka kindirmon da aka dafa madararsa kafin a zuba iri ya fi nonon da aka bari ya kwana ɗanye. Mahauci kuma in ya tsaga huhu ya ga ƙulalai masu kama da cuku, masu ƙaras-ƙaras a bakin wuƙa, ya kira jami'in duba nama na kwata, kada ya yanke wurin ya sayar da saura.

Baffa bai yarda ya rabu da saniyar ba, ta gado ce. Ya dai amince a ɗaure ta nesa da 'yan maruƙa, a daina shan nononta, ranar kasuwar Dukku kuma ya ɗauko yarinyar a babur.