Kokwanto a shekarar farko ta doktora: tambayoyi da amsoshi

Malam, wata shida ke nan da na yi rajista, amma ji nake kamar bisa kuskure aka ɗauke ni. Ni kaɗai ne?

Ba kai kaɗai ba ne. Tun 1978 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka yi rubutu kan wannan hali: mutum ya ci nasara da guminsa, amma zuciyarsa na raya masa sa'a ce kawai, wata rana asirinsa zai tonu. A tsarin karatun jami'a na LMD (lisans, masta, doktora), shekara 3 na lisans da 2 na masta duk akwai darasi da jarrabawa, maki na nuna maka matsayinka. A doktora babu wannan ma'aunin, shi ya sa hankali ke tashi.

Kullum ina karatu, amma ban ga inda na dosa ba.

Galibi fage ne a hannunka, tambaya ba ta fito ba tukuna. "Matsalar ruwa a Damagaram" fage ne, ko shekara goma ba ta isa a ƙure shi. Amma "yaya ƴan garuwa a unguwar Birni suke tsayar da kuɗin jarka daga Maris zuwa Mayu?" tambaya ce, don ta faɗi su wa, ina, yaushe. Rubuta taka a jimla ɗaya ka liƙa a bango. Duk maƙalar da ka karanta, yi mata layi biyar: abin da marubucin ya tambaya, hanyar da ya bi, abin da ya samu, inda ya gaza, da amfaninta gare ka. Ajiye su a Zotero, manhajar adana maƙaloli, kyauta ce. Wanda ya karanta maƙala hamsin bai rubuta komai ba, rikicewa zai yi, sai ya ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwarsa. Ka riƙa rubuta kalma 200 kowace safiya bayan asuba, kafin zafi ya taso, ko da rubutun bai yi kyau ba.

Malamin da ke kula da aikina yana Yamai, sai in yi makonni ban ji daga gare shi ba.

Shirunsa ba hukunci ba ne, ɗalibai ne suka yi masa yawa. Kada ka tura saƙon "Malam, ina jiran shawara". Tura shafi uku zuwa biyar da tambaya biyu takamaimai, ka roƙi ku riƙa magana sau ɗaya a wata ko ta waya ce. Bayan kun gama, rubuta abin da kuka tsayar ka aika masa. Sannan ka nemi ɗalibai uku ko huɗu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, duk mako biyu ku karanta wa juna.

Yaushe ya kamata in saurari kokwanton?

In bayanan da kake buƙata ba sa kusa. Misali takardun tarihin da kake nema suna Dakar ko Aix-en-Provence a Faransa kuma babu kuɗin tafiya, to ka sauya tambayar tun a shekarar farko, ka dogara da ma'ajiyar takardun ƙasa ta Yamai da hira da dattawan fada. In kuwa barci da cin abinci sun gagara fiye da mako biyu, ko aikin yau da kullum ya tsaya, ka ga likita, ka kuma sanar da wani na kusa da kai a gida.