Tara Tsofaffin Saitin LEGO da Cinikinsu

Tara tsofaffin saitin LEGO da sayar da su sha'awa ce da ta yi ƙarfi a tsakanin manya a Turai da Amurka da gabashin Asiya tun ƙarshen shekarun 1990. LEGO 'yan bulo ne na roba da ake harhaɗawa a gina gida ko mota ko jirgi, kuma kamfanin da ke yin su yana garin Billund na ƙasar Denmak. Ana sayar da su saiti-saiti: kwali ɗaya mai lambarsa, da bulon da aka ƙidaya, da littafin da ke nuna yadda za a haɗa. Kamfanin bai cika daɗewa yana buga saiti ɗaya ba. Galibi shekara ɗaya zuwa uku ne sai a daina, a kawo wani. Daga ranar da saiti ya ƙare a kanti, wanda ke son sa sai dai ya nema a hannun wanda ya riga shi saya, kuma a nan wannan kasuwa ta samo asali.

Tushen abin

Ole Kirk Christiansen, wani kafinta a Billund, ya fara sassaƙa kayan wasan yara na katako a 1932, ya sa wa kamfaninsa suna LEGO a 1934. Bulon roba na farko ya fito a 1949, kuma an ɗauko fasalinsa ne daga na kamfanin Kiddicraft na Ingila. Waɗannan na farko ƙasansu fayau yake, ba sa kama juna sosai, gini na iya wargajewa da an ɗaga shi. A ranar 28 ga Janairu 1958 aka shigar da takardar mallakar fasahar da ta gyara wannan: 'yan bututu a ƙarƙashin bulo waɗanda ke matse ƙululun saman na ƙasa da shi. Ɗan mai kamfanin, Godtfred Kirk Christiansen, shi ya jagoranci aikin. A 1963 kuma aka koma amfani da robar ABS, wadda ba ta lanƙwashewa kamar ta da.

Tun daga 1958 ba a taɓa wannan ma'auni ba. Tazarar da ke tsakanin ƙululu biyu milimita 8 ce a lokacin, kuma haka take yau. Bulon da aka buga shekara sittin da suka wuce yana hawa kan wanda aka sayo jiya daram. Duk darajar tsohon saiti a kan wannan ta tsaya. Yawancin kayan wasa da an rasa yanki ɗaya sun tashi aiki, amma saitin LEGO da ya rasa bulo goma ana iya nemo goman a cike shi, wanda kuma ya watse gaba ɗaya bulonsa na da amfani a wani ginin.

Su wa ke tarawa

Manyan da ke wannan harka suna kiran kansu AFOL a taƙaice, wato manya masoya LEGO a Turance. Da yawansu sun yi wasa da bulon suna yara, suka watsar da shi da suka balaga, sannan suka dawo bayan sun fara samun albashi. Shekarun da suka yi ba su taɓa bulo ba suna kiran su shekarun duhu. Wanda ya dawo yakan fara da neman saitin da ya taɓa mallaka ya ɓace, ko wanda ya daɗe yana kallo a kanti iyayensa ba su iya saya masa ba. Shi ya sa farashin kayan wani zamani ke tashi daidai lokacin da yaran zamanin suka kai shekara talatin zuwa arba'in.

Ba hanyarsu ɗaya ba. Akwai masu bin jigo guda, kamar fadojin mayaƙa ko jiragen sama jannati ko 'yan fashin teku, har sai sun haɗa duk abin da aka taɓa bugawa a cikinsa. Akwai waɗanda 'yan mutum-mutumin kawai suke so, ƙananan mutanen nan masu hannu kamar ƙugiya da aka fara yi a 1978. Akwai masu sayen tsofaffin saiti don su farfasa su yi ginin kansu. Akwai kuma masu saye su ajiye a liƙe, ba su taɓa ganin abin da ke cikin kwalin ba, suna jiran farashi ya tashi.

Daga cikin tsofaffin da ake nema akwai fada mai launin rawaya mai lamba 375 ta 1978, wadda dawakanta ma da bulo ake gina su, da jirgin Galaxy Explorer na 1979, da jirgin 'yan fashin teku Black Seas Barracuda mai lamba 6285 na 1989, da jirgin ƙasa mai layi ɗaya Airport Shuttle na 1990. A Amurka da Kanada ana neman na kamfanin Samsonite, wanda ya samu lasisin buga LEGO a can daga 1961.

Abin da ke sa saiti tsada

Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Akwai saitin shekarun 1980 da ake samu da araha domin an buga su da yawa, akwai kuma na bayan 2000 da suka ninka kuɗinsu sau goma. Café Corner mai lamba 10182, wanda ya fito a 2007 da bulo 2,056 a kan kusan dala 140, shi ne na farko a jerin gine-ginen gari da ake jerawa kusa da juna. Cikinsa wayam yake, babu kujera babu teburi. Amma duk wanda ya shiga tara jerin daga baya yana son na farkon, don haka wanda ba a buɗe ba ya haura dala dubu. A shekarar dai aka fitar da babban jirgin Millennium Falcon na fim ɗin Star Wars mai lamba 10179 a kan dala 500, wanda bayan an daina shi ya kai dubban daloli.

Wani lokaci kuma abu ɗaya tak ne ke ɗauke da kuɗin saitin. Akuyar roba da ta fito a saitin Mill Village Raid na 2011 ba a sake sa ta a wani saiti ba har fiye da shekara goma, sai ga 'yar akuya da ba ta kai tsawon yatsa ba ana sayar da ita gomomin daloli. Mutum-mutumin Boba Fett, wani ɗan fim ɗin Star Wars, na saitin Cloud City na 2003, mai zane a hannu da ƙafa, ya fi saiti da yawa tsada shi kaɗai. Mutum-mutumin Mr. Gold kuwa, na 2013, guda 5,000 kacal aka yi, aka cusa su cikin ledojin da ba a ganin abin da ke ciki. Masu neman irin waɗannan sun ƙware a lalube: a tsaya a kanti ana matsa leda da yatsa, ana neman hula ko sanda da za ta nuna wane ne a ciki. Wannan dabara ta mutu a 2023 da kamfanin ya koma zuba su a ƙananan kwalaye.

Sai yanayin kayan. Wanda ke liƙe a kwalinsa, hatimin bai tsage ba, kusurwa ba ta lotse ba, shi ne kan gaba. Na biye da shi wanda aka buɗe amma cikakke ne, da littafinsa da kwalinsa da sitikunsa. Na ƙasa shi ne bulo zube, wanda ake sayarwa a kan sikeli. Kwali ko littafin haɗi shi kaɗai yana da farashinsa, domin su ne abin da iyaye suka fi saurin zubarwa.

Yadda ake cinikin

Babbar kasuwar ita ce BrickLink, wadda Dan Jezek, haifaffen ƙasar Cek mazaunin Hawaii, ya buɗe a intanet a 2000 da sunan BrickBay, aka sauya sunan a 2002. Jezek ya rasu a 2010, aka sayar da kasuwar ga Kim Jung-ju na Koriya ta Kudu a 2013, sannan kamfanin LEGO da kansa ya saye ta a ƙarshen 2019, lokacin tana da shaguna sama da 10,000 a ƙasashe 70. Wannan saye bai yi wa kowa daɗi ba, domin mai buga kaya ya zama mai kasuwar da ake sayar da tsohonsa. Ƙarfin BrickLink yana cikin kundinta: kowane irin bulo da lambarsa da launinsa, kowane saiti da jerin abin da ke cikinsa, da kuma farashin da aka sayar da abu a wata shida da suka wuce. Mai saye da mai sayarwa duk nan suke dubawa kafin a yi tayi. Akwai kuma eBay da Brick Owl, da Brickset da ke ajiye bayanan saiti, da tarukan baje koli inda ake ciniki hannu da hannu.

Aikin da ya fi riƙe kasuwar shi ne na masu sayar da bulo ɗai-ɗai, kuma shi ne ba a cika ba shi girmansa ba. Mutum ya sayo buhun bulo gwanjo daga gidan da yara suka girma, kilo goma ko ashirin. Ya zazzage a kan tebur, ya tsince abin da ba LEGO ba, ya wanke sauran da ruwa mai ɗumi wanda bai wuce digiri 40 ba, ya shanya a inuwa. Daga nan sai rarrabewa, iri-iri da launi-launi, cikin 'yan aljihunan durowa ɗaruruwa. Idan ya ga wata tuta ko gilashin jirgi da ya gane, sai ya juya ƙasansa ya karanta 'yar lambar da aka buga, ya bi kundin ya gano saitin da ta fito, ya fara neman 'yan uwanta a cikin tulin. Ta haka saitin da ya watse shekara talatin yake sake haɗuwa. Wasu kuma sabon saiti suke sara idan an karya farashi, su fasa shi su sayar da bulon ɗai-ɗai, domin jimillar kuɗin sassan ta kan fi kuɗin kwalin. Ribar ba ta da yawa idan aka auna ta da awannin da aka zauna, amma ba don su ba, da mai neman bulo uku don ya cike fadarsa ta 1978 ba shi da inda zai je.

Batun zuba jari

Masu bincike biyu na Babbar Makarantar Tattalin Arziki ta Mosko, Victoria Dobrynskaya da Julia Kishilova, sun duba farashin saiti 2,322 tsakanin 1987 da 2015, suka samu cewa a matsakaici darajarsu na ƙaruwa da kusan kashi 11 cikin ɗari a shekara. Jaridu sun yayata wannan da cewa LEGO ya fi zinare. Sai dai binciken a kan saitin da ba a buɗe ba aka yi shi, kuma shi kansa ya nuna tazarar na da faɗi ƙwarai: wasu sun ninka sau da yawa, wasu sun faɗi ƙasa da kuɗin saye. Ga kuɗin aikawa, ga kason kasuwa, ga ɗakin ajiya da dole ya zama busasshe.

Babban haɗarin kuwa a hannun kamfanin yake, domin duk ranar da ya ga dama zai iya sake bugawa. A 2017 ya fitar da sabon Millennium Falcon mai bulo 7,541, ya kuma dawo da saitin Taj Mahal na 2008 kusan yadda yake, sai farashin tsofaffin ya sauka. Akuyar nan ma ta dawo a 2024. Ban da haka, tunda labarin riba ya bazu, masu ɓoye kaya sun yi yawa, kuma saitin da mutum dubu suka ajiye a liƙe da wuya ya yi ƙaranci. Café Corner ya yi tsada ne saboda a 2007 kusan kowa buɗe nasa ya yi ya gina. Masu gini da yawa suna jin haushin masu kwashe sabon saiti daga kanti don su ninka kuɗinsa, kuma suna da hujja, musamman idan saitin yara ne.

Lalacewa da jabu

Rana ce babbar abokiyar gaba. Fari da toka da shuɗi suna komawa rawaya-rawaya idan haske ya daɗe yana dukan su. Wasu na jiƙa su a ruwan haidirojin ferokside su sa a rana don launin ya dawo, amma sau da yawa rawayar takan sake fitowa, kuma mai gaskiya yakan faɗa wa mai saye an yi hakan. Bulo masu launin ƙasa-ƙasa da ja mai duhu na wasu shekaru bayan 2000 sun yi suna wajen karyewa. Hular 'yan sama jannatin farko tana tsagewa a haɓa, tambarin zinaren ƙirjinsu yana gogewa, sitika tana bushewa ta ɓare. A wajen 2004 kuma kamfanin ya sauya launin toka zuwa mai ɗan shuɗi-shuɗi, don haka cike tsohon saiti da sabuwar toka aibi ne da idon gwani ke kamawa nan take.

Wa'adin mallakar fasahar bulon ya ƙare tuni, kuma a 2010 kotun Tarayyar Turai ta ƙi amincewa siffarsa ta zama tambarin kasuwanci, saboda haka yin bulo mai hawa kan LEGO ba laifi ba ne. Laifin shi ne kwafe saiti sukutum da kwalinsa. Haka kamfanin Lepin na ƙasar Sin ya riƙa yi, har da saitin da aka daina bugawa, kafin 'yan sandan Shanghai su kai samame masana'antarsa a 2019, aka yanke wa shugabansa ɗaurin shekara shida a 2020. Bulon gaske yana da sunan LEGO a kan kowane ƙululu, kuma nan ake fara dubawa. A mutum-mutumi masu tsada an fi shan wahala, domin ana iya ɗaukar jikin gaske a buga masa zanen jabu. Akwai kuma masu buɗe kwali su zare mutum-mutumin, su cika nauyin da wani abu su sake liƙewa. Shi ya sa masu sayen kwali a liƙe suke neman hoton hatimi ta kowane gefe, su kuma sa a ɗora kwalin a sikeli a gwada nauyinsa da wanda ke rubuce a kundi kafin su biya.