Kundayen Waƙoƙin The Beatles da Tarihin Sake Buga Su

The Beatles ƙungiyar makaɗan rok ce ta Ingila da ta tashi a birnin Liverpool a 1960, ta watse a 1970. Su huɗu ne: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr, wanda ya shigo daga baya a 1962 ya karɓi ganguna. Tsakanin 1963 da 1970 suka fitar da kundaye 13 da ake lissafa su a yau a matsayin ginshiƙin aikinsu. Mafi yawansu an ɗauke su ne a sutudiyon kamfanin EMI da ke titin Abbey Road a Landan, a hannun furodusa George Martin. Shekara bakwai aka yi ana fitar da su, amma tun 1987 ake ta sake buga su, kuma da wuya a fitar da sabon bugu ba tare da masoya sun koma kan tsohuwar gardamarsu ba: wane ne ainihin sautin kundin? Gardamar tana da tushe, domin tun ranar da suka fito, yawancinsu ba su da siga ɗaya tak.

Yadda aka ɗauke su

Kundin farko, Please Please Me, ya fito a watan Maris 1963. Waƙoƙi goma daga cikin 14 da ke cikinsa a yini ɗaya aka ɗauke su, ranar 11 ga Fabrairu, da na'urar tef mai layi biyu: kayan kiɗa a layi ɗaya, muryoyi a ɗayan. A ƙarshen shekarar suka koma na'ura mai layi huɗu, ba su samu mai layi takwas ba sai 1968.

Layi huɗu ba ya isar wanda yake son ganguna, jita biyu, bes, fiyano, ƙahonni da amshi. Dabarar injiniyoyin EMI ita ce a cika layukan nan huɗu, a matse su a kan layi ɗaya ko biyu na wani sabon tef, sannan a ci gaba da ɗora wasu sautuka a layukan da suka rage. Duk matsi ɗaya yana rage tsabtar sauti, kuma abin da aka haɗe a layi ɗaya ya haɗu ke nan. Wannan ƙunci na kayan aiki shi ne ya tsara abin da masu sake bugu za su iya da abin da ya gagare su shekaru da yawa bayan haka.

Kundayen da aka fi so

Idan ana zancen wanda ya fi, kundaye biyar ne suke ta dawowa a bakin masu sauraro da masu sharhi.

Rubber Soul, na Disamba 1965, shi ne inda suka fara ɗaukar kundi a matsayin aiki guda mai kai da ƙafa. A waƙar "Norwegian Wood" Harrison ya kaɗa sita, kayan kiɗan Indiya mai tsarkiya. Revolver ya biyo baya a Agusta 1966, tare da sabon injiniya matashi, Geoff Emerick. A cikinsa aka juya sautin jita ta baya, aka yi "Eleanor Rigby" da 'yan goge takwas ba ganga ba jita, aka gina "Tomorrow Never Knows" a kan guntayen tef da aka ɗaure suna zagayawa. A wannan watan ne kuma suka yi wasansu na ƙarshe na yawon kiɗa, a San Francisco, daga nan sutudiyo ya zama gidansu.

Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band na 1967 ya ci watanni ana aikinsa. An buga baitukan waƙoƙin a bayan murfinsa, ya kuma zama kundin rok na farko da ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara. Na 1968 sunan ƙungiyar kawai ya ɗauka, amma saboda farin murfinsa kowa White Album yake ce masa. Faifai biyu ne, waƙa 30, da yawa an rubuta su lokacin zamansu a Rishikesh ta Indiya, kuma ana jin yadda kowa ya fara jan akalarsa. Abbey Road na Satumba 1969 shi ne na ƙarshe da suka yi aikinsa su huɗu, ko da yake Let It Be ya fito bayansa. Gefensa na biyu jerin gajerun waƙoƙi ne da aka ɗinke su ba tsayawa, kuma a wannan kundi ne Harrison ya kawo "Something" da "Here Comes the Sun".

Ra'ayi kan wanda ke gaba bai tsaya wuri ɗaya ba. A jerin kundaye 500 da mujallar Rolling Stone ta fitar a 2003, Sgt. Pepper ne na ɗaya, Revolver na uku, Rubber Soul na biyar, White Album na goma, Abbey Road na 14. Da ta sabunta jerin a 2020, Abbey Road ya hau na biyar, Revolver na 11, Sgt. Pepper ya gangaro na 24. Ba abin mamaki ba ne idan yadda ake sauraro a yau yana da hannu a wannan. Abbey Road an ɗauke shi da layi takwas, an kuma tsara shi tun farko don sitiriyo, saboda haka ya fi saura zama daidai a kunnen wanda ya saba da iyafis.

Bugun Birtaniya da bugun Amurka

Har zuwa 1966, abin da Ba'amurke ya saya ba shi ne abin da Baturen Ingila ya saya ba. Kamfanin Capitol da ke buga faifansu a Amurka yakan rage yawan waƙoƙi, ya cusa waɗanda suka fito a ƙananan fayafai, ya tara ragowar ya ƙirƙiro kundaye masu sunaye daban, irin su Meet the Beatles! da Yesterday and Today. Revolver na Amurka ya fito babu waƙoƙin Lennon guda uku, "I'm Only Sleeping", "And Your Bird Can Sing" da "Doctor Robert". Rubber Soul na Amurka kuwa da "I've Just Seen a Face" ya buɗe, abin da ya ba shi wani sanyi daban, har akwai masu fifita shi a kan na asali. Daga Sgt. Pepper aka daina wannan yankan. Wuri ɗaya ne bugun Amurka ya yi galaba: Magical Mystery Tour, da ya fito a Birtaniya a ƙananan fayafai biyu, Capitol ta mayar da shi cikakken kundi, kuma shi aka ɗauka a hukumance daga baya.

Mono da sitiriyo

A mono duk sautin ta mafita ɗaya yake fitowa, a sitiriyo ana raba shi hagu da dama. A Birtaniya ta farkon shekarun 1960 garmahon yawancin gidaje lasifika ɗaya gare shi, rediyo ma haka, don haka mono ne ake bai wa muhimmanci. Injiniyoyin da suka yi aikin Sgt. Pepper sun ba da labarin cewa mawaƙan sun zauna an yi haɗin mono a gabansu, na sitiriyo kuwa an gama shi cikin 'yan kwanaki ba sa nan.

Bambancin ya wuce a ce wannan ya fi wancan faɗi. "She's Leaving Home" ta fi sauri a mono, muryar ta fi tashi. "Helter Skelter" ta mono ta fi gajarta, kuma babu ihun da Ringo ya yi a ƙarshe yana kukan yatsunsa sun yi bororo. A sitiriyon kundaye biyu na farko da na Rubber Soul, sau da yawa murya tana gefe ɗaya, kayan kiɗa suna ɗaya gefen. Wanda ya cire iyafis ɗaya daga kunnensa zai ji ganga da jita suna ta bugawa, mawaƙin ya koma can nesa kamar daga wani ɗaki. White Album ne na ƙarshe da aka yi wa haɗin mono na musamman.

Faifan CD na 1987 da tacewar 2009

Sake bugu iri biyu ne, kuma ana yawan rikita su. Na farko tacewa ce: a ɗauko tef ɗin da aka riga aka gama haɗinsa, a kwafe shi da kayan zamani, a gyara kaifi da kauri, ba a taɓa matsayin murya ko ganga ba. Na biyu sabon haɗi ne: a koma tef mai layuka, a sake auna kowane sauti da inda zai zauna.

A 1987 kundayen suka fito a CD karon farko, kuma a nan aka tsayar da tsarin Birtaniya a matsayin na duniya duka. Huɗu na farko a mono aka fitar da su. Help! da Rubber Soul kuwa George Martin bai gamsu da tsohon sitiriyonsu ba, ya yi musu sabon haɗi. Waƙoƙin da ba su cikin kowane kundi, irin su "She Loves You" da "Hey Jude", aka tattara su a Past Masters a 1988. Wannan bugu ya yi shekara 22 a kasuwa, masu kunne suna ƙorafin sautinsa siriri ne.

Ranar 9 ga Satumba 2009 aka fitar da tacewar da injiniyoyin Abbey Road suka yi shekara huɗu a kanta, ƙarƙashin jagorancin Allan Rouse. Akwati biyu aka yi, na sitiriyo da na mono. Sun yi taka-tsantsan: sun cire ƙarar da lantarki ko lahanin tef ya jawo, suka bar abin da yake na wasan ne, kamar numfashi da ƙarar kujera. Akwatin mono, da aka zaci na 'yan tsiraru ne, ya ƙare a shaguna da wuri har aka ƙara bugawa. Wannan tacewa ce ta shiga iTunes a 2010, ta hau manhajojin sauraro ta intanet ranar 24 ga Disamba 2015. A 2012 aka buga sitiriyon a faifan garmaho daga kwafin dijital. A 2014 aka yi na mono kai-tsaye daga tef na asali ba tare da kwamfuta ta shiga tsakani ba, kuma masu tara fayafai suna ɗaukar wannan bugu da daraja sosai.

Let It Be

Wannan kundi shi ya fi kowanne yawan siga. An ɗauki yawancinsa a Janairu 1969 da niyyar a yi wasa kai-tsaye ba ƙari, har da wanda suka yi a saman rufin ofishin kamfaninsu, Apple Corps, ranar 30 ga watan. Haɗin da injiniya Glyn Johns ya yi ba a amince da shi ba. Aka miƙa tef ga Phil Spector, ya ɗora 'yan goge da 'yan amshi a kan "The Long and Winding Road", abin da ya ɓata wa McCartney rai ƙwarai. A 2003 aka fitar da Let It Be... Naked ba kayan Spector, a 2021 kuma aka saki haɗin Glyn Johns a hukumance cikin babban akwati.

Zamanin Giles Martin

Giles ɗan George Martin ne, ya yi aiki da mahaifinsa a kundin Love na 2006. Bayan rasuwar uban a 2016, shi da injiniya Sam Okell suka ɗauki aikin sabon haɗi: Sgt. Pepper a 2017, White Album a 2018, Abbey Road a 2019, Let It Be a 2021. A Sgt. Pepper sun yi sa'a EMI ta adana tef-tef ɗin da aka ɗauka kafin matsi. Suka jera su a kwamfuta, layi huɗu ya zama layuka da yawa, suka maido da murya da ganguna tsakiya, suna bin haɗin mono a matsayin ma'auni. Kowane akwati ya zo da gwaje-gwajen sutudiyo. Na White Album ya ƙunshi waƙoƙi 27 da suka rera da jitar katako a gidan Harrison da ke Esher a Mayu 1968, kuma ga mutane da yawa waɗannan ne suka biya kuɗin akwatin. Sgt. Pepper da Abbey Road duk sun koma na ɗaya a jadawalin Birtaniya da waɗannan bugu.

Revolver ya gagara da wannan hanya. A waƙa kamar "Taxman", ganguna da bes da jita a layi ɗaya aka ɗauke su tare tun farko, babu wani tef na baya da za a koma. Raba su kamar a ce an gama miya ne, a zo a tsame daddawa daban, gishiri daban. Mafita ta fito daga kamfanin WingNut Films na daraktan fim Peter Jackson a New Zealand. Lokacin da suke shirya fim ɗin Get Back na 2021, wanda ya nuna yadda aka ɗauki Let It Be, sun horar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta riƙa ware hirar mawaƙan daga ƙarar jita. Da ita aka warware layukan Revolver, sabon haɗin ya fito a Oktoba 2022. Manhajar ba ta ƙirƙiro sautin da babu shi, rarraba wanda yake kan tef take yi. Da ita kuma aka ciro muryar Lennon daga wani tsohon kaset da ya ɗauka a gida da fiyano, aka kammala "Now and Then" a Nuwamba 2023. A watan nan ne aka sake fitar da wasu tarin waƙoƙinsu biyu na 1973, mai jan murfi da mai shuɗi, da ƙarin waƙoƙi, har na 1963 sun samu sitiriyo mai daidaito.

Masu goyon bayan sabon haɗi suna cewa matashin da ke sauraro a waya ba zai jure murya a kunne ɗaya ba, kuma an fito da besin McCartney da gangunan Ringo yadda allurar garmaho ba ta iya ɗauka a da. Masu adawa suna cewa biyu daga cikin mawaƙan ba sa raye, Lennon tun 1980, Harrison tun 2001, kuma lahanin tsohon haɗi ma tarihi ne. Abin da ya rage zafin gardamar shi ne ba a janye tacewar 2009 ba, tana nan gefe da gefe da sababbin haɗe-haɗen a manhajojin sauraro. Mono ne ya fi wuyar samu: wanda yake son jin yawancin kundayen yadda mawaƙan suka zauna aka haɗa su a gabansu, sai ya nemi akwatin CD na 2009, ko fayafan garmaho irin na bugun 2014.