Waiwaye: Yadda jami'o'in Amurka suka fara ƙirga launin fata da jinsi

Mai neman sanin su wa jami'o'in Amurka suka riƙa ɗauka a da, baƙar fata nawa, mata nawa, ya kamata ya fara tambayar wa ya yi ƙirgen, kuma don me. A ganina nan ne asalin labarin yake.

A 1922 Yahudawa sun haura kashi 20 cikin 100 na sababbin ɗaliban Harvard. Shugaban jami'ar, Lawrence Lowell, ya nemi a tsayar da su a kashi 15. Da aka ƙi amincewa da wannan a fili, sai aka bi ta bayan gida. Takardar neman gurbi ta fara tambayar launin fata, addini, sunan mahaifiya kafin aure, inda aka haifi uba, har da ko ɗalibi ko mahaifinsa ya taɓa sauya suna. Wani kwamiti ya bi sunayen ɗalibai yana yi musu alamar J1, J2 ko J3, gwargwadon tabbacinsa cewa mutum Bayahude ne. Aka kuma shigo da ma'aunin "kyan hali", wanda ba a neman hujja a kansa. Kafin Lowell ya sauka a 1933, adadin ya sauko kusan inda ya so.

A jihohin Kudu babu ma abin ƙirgawa, domin ƙofar jami'o'in farar fata a rufe take ga baƙar fata. Sai da rakiyar jami'an tsaron tarayya James Meredith, ɗalibi baƙar fata, ya shiga Jami'ar Mississippi a 1962, mutum biyu suka mutu a tarzomar da ta ɓarke. Mata kuwa, kwalejin Oberlin ta ɗauke su karatun digiri tun 1837, amma a matakin digirin farko Yale da Princeton sai 1969, Columbia sai 1983. Duk da haka, tun farkon shekarun 1980 mata sun fi maza samun digirin farko a ƙasar.

Bayan dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ne ƙirgen ya sauya manufa: gwamnati ta fara karɓar alƙaluma don ta gano inda ake wariya. Wasu jami'o'in suka ware gurabe. Makarantar likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta keɓe 16 cikin 100 ga tsiraru, Kotun Ƙoli ta soke wannan a shari'ar Bakke ta 1978, amma ta bari a duba launin fata tare da sauran abubuwa. A ranar 29 ga Yuni 2023 ta hana wannan ma.

Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. A MIT, jami'ar kimiyya da fasaha da ke jihar Massachusetts, baƙar fata cikin sababbin ɗalibai sun faɗo daga kusan kashi 13 zuwa 5 a 2024. Abin da ya fi damuna shi ne a jami'o'i da dama ɗaliban da ke ƙin faɗin launin fatarsu sun ƙaru, don haka gane wanda aka bari a waje zai ƙara wuya.