Daraktan tsara wuri a fim ba mai jera kujeru ba ne

An daɗe ana ɗauka cewa daraktan tsara wuri a finafinan Najeriya aikinsa jera kujeru da rataya labule ne kawai. Ba laifin masu kallo ba ne, domin idan aikin ya yi kyau ba a lura da shi.

Tun kafin a kunna kyamara yake farawa. Ya karanta labarin, ya zana yadda kowane ɗaki zai kasance, ya yi lissafin kuɗin katako da fenti, sannan ya tsaya kan kafintoci. Akwai bincike ma. Idan labarin na 1970 ne, fam da sule zai nemo, tunda naira sai a 1973 ta fito. A shirin talabijin mai dogon zango, dole ɗakin ya zauna yadda yake wata da watanni. Bidiyon waƙa kuwa launi ya fi ci.

Kuna iya tabbatarwa da kanku: ku tsayar da fim, ku dubi abin da ke bayan jarumi, ko ya dace da zamaninsa da arzikinsa. Ku kuma karanta sunayen ma'aikata a ƙarshe.

Don Allah a tura wa masu sha'awar fim.